Takobin Japan: Wa Ya Ƙera Shi, Wa Zai Riƙe Shi Gobe?

Ranar kasuwa a tashar motar Dakoro ba a rasa ganin tsohuwar Toyota mai buɗaɗɗen baya tana shigowa daga wajen Bermo ko Sakabal, an lafta mata buhunan gero da wake, awaki ɗaure a gefe, mutane sun yi sahu a saman kaya kowa ya riƙe igiya. Fentinta ya koɗe, gilashin gaba ya tsage, ƙofar direba da waya ake ɗaure ta, amma ta ratso rairayin Tarka ta iso. Kafin 'yan dako su gama sauke kaya sai ayarin jami'an tsaro ya gifta, su ma cikin Toyota, sai dai tasu an girke mata bindiga a baya. Nan take hirar 'yan fada ta juya. Wani ya ce, "Malam, ka san ƙasar da ke ƙera motocin nan ko soja ba ta da shi? Amurka ke gadin ta tun da ta jefa mata bom." Wani ya karɓe, "To ai mu mun fi su, Alhaji, tun da mun kori namu." A yi dariya, a zuba shayi na biyu.

Wannan magana ta yi yawa a bakin mutanenmu tun bayan da sojojin Faransa suka fita daga Nijar a watan Disamba na 2023, na Amurka kuma suka bar Yamai da Agadas a 2024, kuma tana damuna. Rabinta kuskure ne, ragowar rabin kuma gaskiya ce da aka ɗauka ta wajen da ba ta da amfani. Japan tana da soja, kuma sojanta na cikin mafi kayan aiki a duniya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda ƙarfin ya fito da inda rauninsa yake, domin duka biyun a wajen bariki suke. A aji da masana'anta da littafin lissafin baitulmali aka gina shi, kuma a ɗakin haihuwa yake neman ya gagare su. Ƙasar da ta ɗauki aniyar tsayawa da ƙafafunta, kamar tamu, ya kamata ta karanta wannan labari da idon basira.

1. Ƙasar da aka ce ba ta da soja

Asalin maganar 'yan fada yana da tushe. Bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki a ranakun 6 da 9 ga Agusta 1945, Japan ta miƙa wuya, Amurka ta mamaye ta, aka rushe rundunarta baki ɗaya. Kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 3 ga Mayu 1947 ya ƙunshi sashe na 9, wanda a cikinsa ƙasar ta yi watsi da yaƙi a matsayin hanyar warware rikici, ta kuma ce ba za ta riƙe sojan ƙasa ko na ruwa ko na sama ba. Har yau ba a canza ko harafi ɗaya na wannan kundi ba, don gyara shi sai da amincewar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, sannan a je ƙuri'ar raba gardama. Wanda ya karanta sashen ya tsaya nan zai rantse cewa ƙasar ba ta da ko ɗan sanda mai bindiga.

Sai dai tun 1950, da yaƙin Koriya ya ɓarke aka kwashe sojojin Amurka zuwa can, aka kafa wata runduna ta mutum 75,000 da sunan 'yan sandan ko-ta-kwana. Daga ita ne aka samu Rundunar Kare Kai a ranar 1 ga Yuli 1954, da reshen ƙasa da na ruwa da na sama. Hujjar gwamnati ita ce kundin bai hana mutum kare gidansa ba. A yau doka ta tanadi gurbin soja kusan 247,000. Rundunar ruwansu na da jiragen ƙarƙashin teku 22, da manyan jiragen yaƙi 8 masu na'urar Aegis ta kakkaɓo makamai masu linzami tun suna sama. Jiragensu biyu mafi girma, Izumo da Kaga, ana yi masu gyara don jiragen saman F-35B su riƙa tashi daga kansu, kuma ƙasar ta tsara mallakar jiragen F-35 har 147. A nahiyarmu ma suna nan: tun 2011 suke da sansani a Jibuti, shi kaɗai ne nasu a wajen gida, kuma injiniyoyinsu na soja sun yi aikin hanyoyi a Sudan ta Kudu ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2012 zuwa 2017.

Abin mamaki shi ne an yi mafi yawan wannan da kusan kashi ɗaya cikin ɗari kacal na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Gwamnatin Miki Takeo ce ta sanya wannan iyaka a 1976, kuma ko bayan an janye ta a takarda al'adar ta zauna shekaru da dama. Duk da haka Japan ba ta fita daga sahun ƙasashe goma mafi kashe kuɗi kan tsaro ba, saboda kashi ɗaya na babban rumbu ya fi rabin ƙaramin rumbu nesa ba kusa ba.

2. Inda ƙarfin ya fito

A nan nake so mu daɗe. A 1853 jiragen ruwan yaƙin Amurka suka tsaya a bakin tekun Edo, garin da ake kira Tokyo yanzu, suka tilasta wa Japan buɗe ƙofarta. Mayaƙan ƙasar ba ragwaye ba ne, amma sun ga da idonsu cewa takobi ba ya tare igwa. Abin da shugabanninsu suka yi bayan juyin 1868 shi ne abin lura. A 1871 suka ɗauki manyan 'yan gwamnati suka tura su yawon kusan shekara biyu a Amurka da Turai, su duba masana'antu da makarantu da tashoshin jiragen ruwa da kotuna. A 1872 suka kafa dokar makarantar firamare ga kowane yaro, namiji da mace. A 1905 rundunar ruwansu ta nutsar da ta Rasha a mashigin Tsushima. Mu tuna cewa shekara shida kafin haka, a 1899, ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ya ƙone Birnin Ƙonni, ya bi ta ƙasar nan tamu yana kisa har ya ƙare kusa da Tasawa. Kakanninmu sun tsaya, kamar yadda Kawusan ya tsaya a Agadas a 1916. Zuciya ba ta yi ƙaranci ba. Abin da babu shi ne maƙerar da za ta zuba harsashi daidai da na abokin gaba, da magatakardan da zai lissafa nawa ya rage.

Bayan 1945 suka sake bin wannan hanya daga toka. Firaminista Yoshida Shigeru ya zaɓi a bar wa Amurka nauyin tsaro na waje, a zuba ƙarfin ƙasa kan ƙarfe da jiragen ruwan kasuwanci da motoci da ilimi. Ita kanta motar da ke tashar Dakoro 'yar wannan zamani ce. A 1950 kamfanin Toyota yana gab da durƙushewa, odar manyan motoci da sojan Amurka ya ba shi saboda yaƙin Koriya ce ta farfaɗo da shi. A 1951 ya ƙera wata ƙaramar mota mai shiga daji da nufin sayar wa waccan rundunar 'yan sanda, bai samu kwangilar ba, amma ya ci gaba da inganta ta, a 1954 ya raɗa mata suna Land Cruiser. Shekara talatin da uku bayan haka, a 1987, sojojin Chadi a kan motocin Toyota suka tarwatsa tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har duniya ta sa wa wannan yaƙi sunan motar. Ƙasar da kundinta ya hana ta yaƙi ita ce ta ƙera abin hawan kusan kowane yaƙi na Sahel, na gwamnati da na 'yan tawaye.

Ga yadda abin yake aiki a kusa. A birnin Kobe akwai ma'aikatun jiragen ruwa biyu, na Mitsubishi da na Kawasaki, kuma su ne ke ƙera jiragen ƙarƙashin teku na ƙasar bi da bi, kusan ɗaya kowace shekara. Ba a barin layin ya tsaya, domin mai waldar da ya iya haɗa ƙarfen da zai jure nauyin ruwa a zurfin teku ba a samun shi a kasuwa, shekaru ake yi ana rainon hannunsa, kuma in ya zauna babu aiki hannun ya mutu. A 2020 suka zama na farko da suka sa irin batirin wayar hannu, amma mai girman gaske, a cikin jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, abin da ya sa yake daɗewa a nutse shiru. Wannan fasaha daga masana'antar farar hula ta fito. A 2025 Ostareliya ta zaɓi jirgin yaƙin Japan samfurin Mogami don ta mallaki 11, kuma tun Disamba 2022 Japan ke haɗin gwiwa da Birtaniya da Italiya kan ƙera sabon jirgin saman yaƙi da ake sa ran zai fara aiki a 2035. Ba wanda ke gayyatar mai hannu wofi zuwa irin wannan gayya.

Mu ma muna cikin labarin, ko da ba a faɗa mana ba. Kamfanin Japan mai suna OURD ya riƙe kashi 25 cikin ɗari na Cominak, mahaƙar uraniyum ta Akouta kusa da Arlit, wadda aka rufe a ƙarshen Maris 2021. Ƙasarmu ta ba da dutsen, tasu ta mayar da shi lantarki, lantarkin ya juya injinan da ke ƙera motar da muke saye. Japan ba ta da uraniyum, ba ta da man fetur, abincin da take nomawa bai kai kashi 40 cikin ɗari na abin da take ci ba. Jarinta mutum ne da aka koyar.

3. Ladan kuturu

Mai musu zai ce, kuma yana da hujja: duk wannan daɗin baki ne, ƙasar da ke da sojan wata ƙasa sama da 50,000 a cikinta ba ta da bakin maganar 'yanci. Ban raina wannan magana ba. Yarjejeniyar tsaro ta 1951, wadda aka sabunta a 1960 cikin zanga-zangar da ta ci kujerar firaminista, ta bai wa Amurka sansanoni daga Yokosuka har Okinawa. Tsibirin Okinawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin ƙasar ba, amma yana ɗauke da kusan kashi 70 na filayen da sojan Amurka ke amfani da su shi kaɗai. A 1995 sojojin Amurka uku suka yi wa yarinya 'yar shekara 12 fyaɗe a can, mutanen tsibirin suka fito dubbai, kuma har yau rigimar ɗauke sansanin Futenma zuwa Henoko ba ta mutu ba. Baitulmalin Japan yana biyan wajen yen biliyan 200 kowace shekara don ɗawainiyar waɗannan baƙi. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 ta ba da dala biliyan 13, aka kuma yi mata gorin cewa kuɗi kawai ta iya bayarwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Japan ta shekara fiye da saba'in tana wannan aski.

Ba na kira ga Nijar ta maido da kowa Agadas. Tarihinmu da Faransa daban ne, kuma shekarun da baƙin sojoji suka yi a nan ba su hana a kashe mana mutane a Tillaberi da Diffa ba. Tambayar da nake so mu yi ita ce: me Japan ta yi da inuwar da ta samu? Ƙasashe da yawa sun zauna ƙarƙashin inuwar wata babbar ƙasa suka yi barci, ranar da aka naɗe tabarma suka tashi babu komai a hannu. Japan ta yi amfani da shekarun ta koyi ƙera abin da ake sayar mata. Jiragen F-15 da makaman Patriot a cikin gida take haɗa su da lasisi, har a Disamba 2023 ta sassauta dokarta don ta sayar wa Amurka kanta makaman Patriot ɗin da ta ƙera. Wanda ake karewa ya zama wanda ake roƙo ya cika rumbun mai kare shi. Zanen aro ba ya rufe katara, gaskiya ne, shi ya sa mai hankali yake koyon saƙa tun aron yana jikinsa. Mu mun mayar da zanen Faransa da na Amurka. In muka ɗauki na Rasha ko na Turkiyya ba tare da mun kafa masaƙa ba, launin zanen kawai muka canza.

4. Abin da ya tashe su tsaye

Maƙwabta ne. Koriya ta Arewa ta harba makami mai linzami ta saman Japan a 1998, ta sake sau biyu a 2017, ta kuma a Oktoba 2022. Sin tana da'awar tsibiran Senkaku, kasafin tsaronta ya ninka na Japan wajen sau huɗu, kuma tsibirin Yonaguni na Japan kilomita 110 ne kacal daga Taiwan, tazarar da ba ta kai ta Dakoro zuwa Maraɗi ba. Da Rasha kuwa har yau ba su sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba saboda rikicin tsibiran arewa. Shi ya sa gwamnatin Abe Shinzo ta sake fassara kundin a 2014, majalisa ta yi dokoki a 2015 da suka ba da damar taimaka wa ƙawa in an kai mata hari. A Disamba 2022 gwamnatin Kishida Fumio ta sanar da yen tiriliyan 43 na shekara biyar, da ɗaga kasafin zuwa kashi biyu cikin ɗari, da mallakar makaman da za su kai har inda aka harbo masu, ciki har da Tomahawk 400 daga Amurka.

Akwai masu jin tsoron wannan, a Sin da Koriya da cikin Japan kanta, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Sojan Japan na da can, wanda ba ya jin maganar farar hula, shi ya mamaye Manchuriya a 1931, ya yi ta'asar Nanjing a 1937, ya jawo wa ƙasarsa mutuwar mutum wajen miliyan uku. Amma darasin da suka ɗauka daga wannan bala'i shi ne ƙashin bayan rundunar yau. Kundin ya wajabta firaminista da ministoci su zama farar hula. Kowace shekara ma'aikatar tsaro na wallafa littafin da ke bayyana abin da ta mallaka da abin da take nema. A 2017 ministar tsaro Inada Tomomi ta sauka daga kujerarta saboda an ɓoye rahotannin yau da kullum na sojojinsu da ke Sudan ta Kudu. Takardu kawai aka ɓoye, ba a ce an ci ko yen ɗaya ba.

5. Ɗakin haihuwa

Yanzu ga raunin. A 1992 matasa 'yan shekara 18 a Japan sun haura miliyan biyu, yau sun ragu zuwa kusan rabin haka. A 2024 jariran da aka haifa wa 'yan ƙasar ba su kai 700,000 ba, mafi ƙaranci tun da aka fara ƙidaya zuwa wannan shekarar, kuma kusan mutum uku cikin goma sun wuce shekara 65. Sakamakon ya isa bariki. A shekarar kuɗi ta 2023 rundunar ta nemi sababbin shiga kusan 19,600, ta samu ƙasa da 10,000, wato rabi. Guraben da doka ta tanada sama da 20,000 suna nan babu kowa. Tun 2018 aka ɗaga shekarun shiga soja daga 26 zuwa 32, an kuma buɗe wa mata tuƙin jirgin saman yaƙi da aiki cikin jirgin ƙarƙashin teku, ana ƙara albashi, ana gyara ɗakunan kwana. Tilasta wa matasa shiga soja kuwa gwamnati da kanta tana ganin kundin ya hana. Saurayin da kamfanoni biyar ke zawarcinsa tun bai gama makaranta ba, da wuya ya zaɓi wata shida a teku.

Amsarsu ita ce inji. Jirgin Mogami mutum 90 ke tafiyar da shi, inda jiragen da suka gabace shi ke cin kusan ninki biyu, kuma ana zuba kuɗi kan jirage marasa matuƙi na sama da na ruwa. Wannan zai rage zafi, ba zai warkar ba, don a girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta Maris 2011 soja wajen 100,000 aka tura su tono mutane daga laka da hannu, kuma wannan aiki ne ya sa talakan Japan ya ƙaunaci rundunarsa. Kuɗin ma ba su da tabbas. An tsara shirin 2022 a kan dala ɗaya yen 108, sai ga shi a 2024 ta haura 150, duk abin da za a sayo daga waje ya ƙara tsada, a ƙasar da bashin gwamnatinta ya ninka arzikinta na shekara fiye da sau biyu, tsofaffi kuma na jiran fansho da magani. Wasu kamfanoni ma sun janye: Komatsu ya daina ƙera sababbin motoci masu sulke, Sumitomo ya bar ƙera bindigogi masu sarrafa kansu, saboda ciniki da abokin hulɗa ɗaya tak ba riba. A ƙara da cewa wannan runduna ba ta taɓa shiga yaƙi ba tun 1954, kuma atisaye komai kyansa ba ya gaya wa mutum yadda zai yi ranar da aka kashe na kusa da shi.

Hukuncina shi ne nan da shekara goma Japan za ta fi yau makamai masu nisa da jiragen ruwa masu kyau, za ta zama mai sayar da makami ga ƙasashe irin su Filifin da Ostareliya, amma ba za ta iya rabuwa da Amurka ba, domin ba ta da makamin nukiliya, ba ta kuma da yawan mutanen da za ta tsaya gaban Sin ita kaɗai. Ƙarfinta zai kai inda yawan 'ya'yanta ya ba ta dama, nan zai tsaya.

6. Mu da muke da abin da suka rasa

Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Abin da Japan ke nema da kuɗi ba ta samu ba, mu shi ne ya cika mana gida, har yana kwarara zuwa mahaƙar zinariya ta Jado da Cibarakaten, zuwa Libiya da Aljeriya, wani lokacin kuma zuwa dajin da ake ba yaro babur da bindiga. Duk ranar da aka buɗe ɗaukar soja ko jandarma matasa kan yi dafifi. Tun 2020 hukuma ta yi maganar ninka rundunar daga 25,000 zuwa 50,000, kuma samun mutanen ba zai yi wuya ba. Wuyar tana wajen abin da za a sa masu a hannu da a kai.

Na san amsar da za a ba ni: Japan tsibiri ce, teku ke gadin ta, mu kuwa muna da iyaka da ƙasashe bakwai, 'yan bindiga na sace mutane a Madarunfa da Gidan Rumji yanzu-yanzu, wa zai jira makaranta ta yi 'ya'ya shekara talatin? Gaskiya ne, wanda gidansa ke ci da wuta ba a yi masa huɗubar gina rijiya. Dole a sayi makami yau, kuma jiragen Bayraktar da aka sayo daga Turkiyya a 2022 suna da amfaninsu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yaƙin nan ya haura shekara goma. Yaron da ya shiga aji ɗaya lokacin harin farko na Boko Haram a Bosso da Diffa a 2015 ya isa ɗaukar bindiga nan da ɗan lokaci kaɗan. Da tun ranar aka sa shi a hanya, da yau muna gab da samun mai gyaran jirgi maras matuƙi ɗan Kornaka ko Birnin Lalle. Ba wanda ya ce mu ƙera jirgin ƙarƙashin teku a ƙasar da ba ta da teku. Matakinmu shi ne kaki da takalmi da abincin soja daga auduga da fata da geron ƙasa, harsashin ƙananan bindigogi, gyaran mota da rediyo da na'urar hangen dare ba tare da an jira baƙo ya sauko daga jirgi ba. Maraɗi tana da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana da maƙera da masu walda da makanikai da ke tayar da injin da masu shi suka yafe. Abin da ya rage a haɗa su da rundunar ta hanyar kwangila mai ɗorewa, irin wadda ke hana layin Kobe tsayawa. Abin sha'awa, da hukumar JICA ta Japan ta ƙaddamar da wani shirin taimaka wa makarantun Nijar a 2004, ta jihar Tawa ta fara, kuma da kwamitocin iyayen yara masu kula da makarantun firamare ta fara.

Sai maganar da ta fi ɗaci. A ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe mana soja 71 a Inates, ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Cikin 'yan makonni sai binciken ma'aikatar tsaro ya fito fili, yana maganar kusan sefa biliyan 76 da suka salwanta tsakanin 2014 da 2019 ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga ba Faransa ce ta yi ta ba, ba Amurka ba ce. Ko farar hula ke mulki ko soja, kuɗin tsaro da ba wanda ya isa ya tambayi lissafinsu su ne suka fi saurin ɓacewa, kuma yaron da ke bakin daga shi ke biyan bashin da jininsa. Tun Oktoba 2023 ake tara kuɗi a asusun ceton ƙasa, ana cira daga kiran waya da kuɗin sufuri, mata suna kai zobensu, makiyaya suna kai dabba. Makiyayin Tarka da ake cire masa 'yan dalolinsa duk lokacin da ya kira ɗansa yana da haƙƙin a karanta masa a rediyo, da Hausa da Fulatanci da Tamashek, nawa aka tara a bana, nawa aka kashe kan makami, kayan sun iso ko ba su iso ba, kuma yara nawa aka tura koyon gyaran su.